Kora ko Sallama? Bambancin "Dismissal" da "Termination" a Takardun Barin Aiki a Yola da Jimeta

Tsakure

Wannan takarda ta dubi kalmomin Ingilishi biyu da ake rubutawa a saman wasiƙar raba ma'aikaci da aikinsa, wato dismissal da termination, da yadda suke narkewa su zama kalma ɗaya idan sun shigo bakin masu magana da Hausa a Yola da Jimeta. Ta nuna cewa a dokar aiki ta Nijeriya ɗaya hukunci ce, ɗayar kuwa ƙarshen yarjejeniya ce, kuma rashin rarrabe su yana jawo wa ƙananan ma'aikata asarar haƙƙi da zubewar mutunci. Ta kuma kawo hujjar cewa Hausa tana da abin da za ta raba su da shi, muddin masu fassara da 'yan jarida da jami'an kula da ma'aikata za su tsaya a kan magana ɗaya.

1.0 Gabatarwa



Yola gari ne na albashi. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Gongola a 1976 aka mayar da ita hedikwata, sannan ta ci gaba da riƙe wannan matsayi bayan an fitar da Adamawa a 1991, rayuwar dubban gidaje daga Doubeli zuwa Jambutu, daga Karewa zuwa cikin garin Yola, ta rataya ne a kan abin da ke shigowa ƙarshen wata. Akwai sakatariyar jiha da ta tarayya, akwai Jami'ar Modibbo Adama da asibitin koyarwarta, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, akwai Jami'ar Amurka ta Nijeriya, ga bankuna da kamfanonin sadarwa. Bayan hare-haren 2014, lokacin da Madagali da Michika da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram jama'a suka kwararo Yola, ƙungiyoyin agaji sun buɗe ofisoshi a Jimeta suka ɗebi direbobi da masu gadi da masu shara da masu tattara bayanai a kan kwantiragi na 'yan watanni.

Duk waɗannan wurare da Ingilishi suke rubuta takardunsu. Amma da zarar takarda ta fita daga ƙofar ofis, da Hausa ake karanta ta, da Hausa ake tattauna ta a majalisa da kasuwar Jimeta, kafin ta isa gida a sake juya ta zuwa Fulfulde ko Bachama ko Kilba ko Margi ko Chamba. A wannan doguwar hanya abin da ke saura shi ne jimla ɗaya: "An kori wane." Tambayar wannan takarda ita ce: me ya ɓace a hanya, kuma wa ya yi asararsa?

2.0 Ƙamus ba ya raba wannan gardama

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, su kansu masu harshen ba su daidaita a kan waɗannan kalmomi ba. A Ingila, dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 tana amfani da dismissal ga kusan kowace rabuwa da ta fito daga ɓangaren mai ba da aiki, ko da babu laifi, har da rage ma'aikata don kamfani ya shiga matsi. A Amurka kuwa termination ce ta zama gama-gari, sai a ƙara mata bayani idan ana son nuna cewa laifi ne ya jawo. Saboda haka ɗalibin da ya buɗe ƙamus ko ya shiga intanet zai tarar kamar ma'anarsu ɗaya, ko ma ya fito da fahimtar da ta saɓa da abin da alƙalin Nijeriya zai yanke.

Bambancin da ya shafe mu na gida ne. Kotunanmu da ƙa'idojin aikin gwamnati ne suka gina shi, kuma a can za a neme shi.

3.0 Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Bayanin da aka fi komawa gare shi ya zo ne a hukuncin Kotun Ƙoli na 2005, a shari'ar Jombo da hukumar daidaita farashin jigilar man fetur. Mai shari'a Oguntade ya nuna cewa kalmomin biyu duka suna kawo ƙarshen aiki, sai dai termination haƙƙi ne da kowane ɓangare yake da shi, mai ba da aiki ko ma'aikaci, kuma wanda aka yi wa ita yana karɓar haƙƙoƙinsa na barin aiki. Ita kuwa dismissal horo ce, sau da yawa tana jawo asarar waɗannan haƙƙoƙi, kuma tana barin tabo a sunan mutum. Abin da ya faru a shari'ar ma darasi ne: hukumar ta fara ba Jombo takardar termination, da ya kai ƙara sai ta biyo shi da takardar dismissal a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 17 ta 1984, wadda ta hana kotu sauraron irin wannan ƙara. Kotun Ƙoli ta ce ba a korar wanda aka riga aka raba shi da aiki.

Ita termination tana da ƙa'idar sanarwa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ya ƙayyade mafi ƙarancin wa'adi: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 a aiki ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga mai shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sannan wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Sanarwar da ta kai mako 1 dole a rubuce take, kuma ana iya biyan kuɗi a madadin wa'adin. Amma a lura, wannan doka ƙananan ma'aikata ta fi karewa, domin sashe na 91 ya fitar da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da na ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci". Su waɗannan, takardar ɗaukarsu aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikatarsu ne madogararsu.

Dismissal ba ta jiran wa'adi. Sashen nan na 11 ya bar wa mai ba da aiki damar raba mutum da aiki nan take idan halinsa ya kai ga haka. To amma abin da ta rasa na sanarwa, doka ta ɗora mata shi ta fuskar sauraro. Dole a gaya wa mutum laifin da ake tuhumarsa da shi, galibi ta takardar neman bahasi, a ba shi lokacin amsawa, idan akwai kwamitin ladabtarwa ya gurfana ya kare kansa. Wannan ya samo tushe daga ƙa'idar jin ta bakin kowane ɓangare da sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar.

A aikin gwamnatin tarayya nauyin kalmar ya fi fitowa fili. Ƙa'idojin aikin gwamnati na 2008, waɗanda aka sabunta a 2021, sun sanya dismissal a matsayin hukunci mafi tsanani na babban laifi, kamar almundahana, ƙirƙirar takardun bogi, ko ƙaurace wa aiki ba da izini ba. Wanda ta faɗa wa ya rasa haƙƙoƙin ritaya da kuɗin hutu da na sufuri, sai abin da dokar fansho ta kare masa. Haka kuma ba za a sake ɗaukarsa aikin gwamnati ba sai da amincewa ta musamman daga hukumar kula da ma'aikata. Jihohi suna da nasu ƙa'idojin, amma a kan wannan tsari aka gina su, kuma hukumomin da ke kula da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi 21 na Adamawa da irin wannan harshe suke rubuta takardunsu.

Dattawan da suka yi aiki a tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas sun san wannan bambanci a jikinsu. A tankaɗe da rairayar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi a 1975, wadda ta shafi ma'aikata sama da 10,000 a faɗin ƙasa, an yi wa wasu ritayar dole, an kori wasu, duka nan take. A rediyo kamar abu ɗaya ne. Bayan shekaru, wasu na zuwa karɓar fansho, wasu kuwa ba su da layin da za su bi.

4.0 Yadda abin yake a ƙasa

Zan kawo yanayi biyu da na sha cin karo da irinsu, ba tare da ambaton mutum ko ma'aikata ba.

Na farko direba ne a wata ƙungiyar agaji a Jimeta. Kuɗin shirin da yake yi wa aiki sun ƙare, irin abin da ya yawaita a Arewa maso Gabas bayan da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025. An miƙa masa ambulan a ranar Juma'a. Bai buɗe a ofis ba, kunya ta hana shi tambaya a gaban yaran da ya girme su. Bayan sallar isha'i ya miƙa wa ɗansa da ke sakandare. Yaron ya haska da fitilar waya, ya karanta layin farko da aka ja wa layi a ƙasa, ya ɗago kai ya ce, "Baba, sun ce sun kore ka." Uban ya ninke takardar ya sa a aljihun babbar riga, bai nemi a karanta masa saura ba. A sakin layi na uku an rubuta cewa za a biya shi albashin wata 1 a madadin sanarwa da kuɗin hutun da bai tafi ba, da zarar ya mayar da katin shaida da makullin mota ya cike takardar miƙa kaya, kuma ana gode masa bisa kyakkyawan aikinsa. Ya aika da makullin ta hannun abokin aiki, shi kuwa bai sake taka ofishin ba, domin a saninsa wanda aka kora ba ya komawa roƙo.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin ba. Takardun neman aiki da yawa suna tambaya ko an taɓa yi wa mutum dismissal a wani wuri. Mai gaskiya irin wannan direba zai sa a rubuta masa "eh", ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa. A unguwa kuma, da aka ji "kora", sai a fara neman dalili: ko fetur ya sayar, ko taya ya canza. Mutumin da bai ci amanar kowa ba ya wayi gari ana kallonsa da wani ido, har maganar auren 'yarsa tana iya shan wannan ƙura.

Na biyu kishiyar wannan ne, kuma a ganina ya fi muni. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da aka rubuta wa dismissal saboda daɗewa bai zo aiki ba. Shugaban sashensa mutumin kirki ne, bai iya furta kalma mai zafi ga wanda suka daɗe tare ba, sai ya ce masa, "Malam, sai haƙuri, an sallame ka." Shi kuwa da ya ji "sallama" sai ransa ya tafi ga kuɗin sallama, wato garatuti. Ya koma gida yana jira, yana aike, yana cin bashi a kan abin da ba zai zo ba. Alhali da ya fahimci hukunci aka yanke masa, da ya tambaya: yaushe aka ba ni takardar neman bahasi? Wane kwamiti ya saurare ni? Wataƙila yana da uzuri karɓaɓɓe na rashin lafiya ko gudun hijira. Lokacin ɗaukaka ƙara a cikin ma'aikata ƙayyadadde ne. Ga kuma dokar kare jami'an gwamnati da ta sanya wa'adin wata 3 na shigar da ƙara, wadda kotuna suka sha bamban a kan ko ta shafi shari'ar aiki, kuma ba hikima ba ce mutum ya bar haƙƙinsa a hannun wannan saɓani. Tausasa harshen da aka yi masa don kara, shi ya cinye masa lokacin.

5.0 Inda kalma mai laushi take zama mayafi

Kada a ɗauka cewa termination alheri ce tsantsa. Shekaru da yawa ƙa'idar kotunanmu ita ce, a aikin kamfani mai zaman kansa, mai ba da aiki yana iya raba mutum da aikinsa da dalili ko ba dalili, in dai ya ba da sanarwa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1993 a shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell ya tsaya a kan haka, kuma ya taƙaita diyya ga albashin wa'adin sanarwa. Wannan ya buɗe wata kafa. Manajan da yake zargin ma'aikaci amma ba shi da hujja, ko ba ya son wahalar kwamiti, sai ya rubuta masa cewa ba a buƙatar aikinsa kuma. Zargin yana nan yana yawo a baki, amma ba a rubuta shi ba, don haka babu wurin da mutum zai tsaya ya wanke kansa. Ma'aikatan banki sun fi kowa sanin wannan.

Ma'aikacin da doka ce ta kafa sharuɗɗan aikinsa, kamar tabbataccen ma'aikacin gwamnati ko malamin jami'ar tarayya, yana da kariya mafi ƙarfi. A shari'ar Shitta-Bey ta 1981 da ta Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985, Kotun Ƙoli ta nuna cewa irin wannan ba a raba shi da aiki sai an bi matakan da dokar ta shimfiɗa, in kuwa aka tsallake, kotu tana mayar da shi kan kujerarsa. A shari'ar Olaniyan jami'a ta biya kuɗin sanarwa, amma da yake zargin laifi ne ainihin dalili, kotu ta ce ba a fakewa da sanarwa a kauce wa sauraro.

Ga sauran ma'aikata, sauyi ya zo da gyaran tsarin mulki na uku na 2010, wanda ya ɗaga darajar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya kuma ba ta iko a sashe na 254C ta duba rashin adalci a wurin aiki da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Da wannan iko kotun ta fara jingina da Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, duk da cewa Nijeriya ba ta rattaba mata hannu ba. A shari'ar Aloysius da bankin Diamond a 2015 ta ce raba mutum da aiki ba tare da ingantaccen dalili ba ya saɓa wa kyakkyawar al'adar aiki ta duniya. Har yanzu akwai hukunce-hukuncen manyan kotuna da ke riƙe da tsohuwar ƙa'ida, saboda haka maganar ba ta gama zama ba. Amma wannan kotu tana da reshe a nan Yola, ba sai an je Abuja ba, kuma abin takaici ne yadda ƙananan ma'aikata da yawa ba su san da zamanta ba.

Kotun ta kuma amince da wani nau'i na uku, inda ba a ba mutum takarda ko ɗaya, sai a ƙuntata masa, a ɗauke masa tebur da aiki, ko a kira shi a ce ya rubuta murabus da kansa. Wannan Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna: kora da hali. Ba na jin akwai fassarar da za ta fi wannan dacewa.

6.0 Abin da Hausa take da shi

Wanda ya ce Hausa ba ta da kalmomin raba waɗannan ma'anoni bai saurari 'yan kasuwa ba. A kasuwar Jimeta, yaron shagon da ya yi shekaru yana yi wa ubangidansa hidima, idan lokaci ya yi, sallamarsa ake yi: a ba shi jari, a sa masa albarka, gobe ya buɗe nasa shagon su ci gaba da gaisawa. Wanda aka kama da hannu dumu-dumu a cikin aljihun tebur kuwa korarsa ake yi, kuma ba mai kiran wannan sallama. Asibiti yana sallamar majiyyaci, mai gida yana sallamar baƙo ko lebura bayan ya biya shi. A duk waɗannan, sallama tana ɗauke da rabuwa ba tare da laifi ba, tare da ba mutum abin da yake nasa. Kora kuwa tana ɗauke da fushi da laifi da fita hannu rabbana. Wannan shi ne ainihin layin da Kotun Ƙoli ta ja a 2005.

Matsalar ta taso ne daga ɗakunan labarai da ofisoshi. Mai fassara labari yana gudun maimaita kalma, sai ya ce "an kori" a kanun labari, ya ce "an sallami" a jimla ta biyu, ya ce "an dakatar" a ta uku, alhali dakatarwa wani mataki ne dabam wanda aikin mutum yana nan bai yanke ba. Abin da yake ado a adabi ya zama ɓarna a labarin da ya shafi doka. Ayyukan daidaita kalmomi da aka yi a baya, irin su ƙamus ɗin kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu na 1991, sun nuna cewa ana iya zama a yi ittifaƙi, sai dai fagen hulɗar ma'aikaci da mai ba da aiki yana buƙatar irin wannan zama nasa na kansa.

Shawarata ita ce a tsayar da "kora bisa laifi" ga dismissal, a tsayar da "sallama daga aiki" ga termination, inda ake buƙatar ƙarin bayani a ce "kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki". Na san za a ce "sallama" ta riga ta gurɓace, tunda an daɗe ana sakaya kora da ita. Gaskiya ne, shi ya sa ban yarda a bar kalmar ita kaɗai ba a takardar hukuma. A biyo ta da jimla ɗaya bayyananniya: "Wannan sallama ce ba bisa wani laifi ba, kuma haƙƙoƙinka su ne kaza da kaza." A ɗaya ɓangaren a rubuta: "Wannan kora ce bisa laifin kaza, kuma kana da damar ɗaukaka ƙara zuwa wuri kaza kafin rana kaza."

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki, ciki har da wa'adin sanarwa. Babu abin da ya hana ma'aikatu a Adamawa su haɗa wannan takarda, da ta barin aiki, da taƙaitaccen bayani na rabin shafi cikin Hausa da Fulfulde, wanda jami'in kula da ma'aikata zai karanta wa mutum baki da baki kafin ya sa hannu cewa ya karɓa. Takardar Ingilishi ta ci gaba da zama ita ce abin dogaro a kotu. Reshen Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya na jiha, da sassan nazarin harsuna na manyan makarantunmu, da editocin Hausa na gidajen rediyon ABC Yola da Fombina da Gotel, su ne ya kamata su zauna su fitar da wannan rabin shafi, kuma su fara da aiwatar da shi a labaran da suke karantawa.